Jarkar da Ta Yi Ƙiba a Hanya

Ni dai Allah bai hore mini sayen abu a shagon farko ba. Ko allura ce sai na ji kuɗinta a wuri uku, na dawo na ɓata wa mai shagon farko rai, sannan hankalina yake kwanciya. Matata Hansai takan ce da ita ma a kasuwa aka kasa ta, da har yau ina zagaye. Ni tattali nake kiran abin. Badamasi, Bazazzagin da muke ɗaki ɗaya da shi a unguwar Al-Naseem ta Riyadh, ya ce sunan ciwon Kananci, kuma ba a warkewa.

Aikina tuƙin wanet, irin a-kori-kurar nan, ina kai tayil da siminti gine-ginen Dir'iyya. A wurin aiki ba ni da suna, "ya sadik" ne ni, wato aboki, kamar kowa. Amma ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ni ne Maiwada Mai Kunu. Ina jiƙa aya, in markaɗa ta da dabino da kwakwa da 'yar citta, in tace, in ɗura a jarkata mai ɗan famfo a gindi, in ɗora ta a kan kujera a tsakar ɗaki. Sai 'yan uwa su cika wurin, direbobi da magina da ɗaliban jami'a. Ba na karɓar ko sisi, abin da Badamasi ya ce shi kaɗai ne karamar da ya taɓa gani a jikin Bakano.

An sha ba ni shawarar in riƙa ɗurawa a gorori. Na ƙi. Wanda ka miƙa wa gora, godiya zai yi ya sa takalminsa. Wanda kuwa sai ya tara kofi a famfo, dole ya zauna, in ya zauna ya yi hira, in ana hira kuwa mutum yakan manta na ɗan lokaci cewa iyalinsa a cikin waya suke zaune.

Ana nan sai kamfani ya ƙara mini lodi da safiyar Juma'a, ya zama dole in haɗa kunun tun ranar Alhamis. Firjin ɗakinmu na Badamasi ne, kuma tukwanen miyar mutum huɗu sun cinye shi, ko ƙwai za ka saka sai ka nemi alfarma. Na ce kwana ɗaya ai ba komai, na ajiye jarka a ƙarƙashin esi, na'urar sanyaya ɗaki. Na manta ni da kaina na kafa dokar kashe esi in za a fita, saboda kuɗin wuta.

Da muka dawo daga Juma'a, tun daga matattakala wari ya tare mu. Kunun ya yi kumfa, yana ta ƙunƙuni shi kaɗai a cikin jarka kamar tsohon da aka hana goro.

Malam Tamimu, ɗan garinmu da ke digiri na uku a fiƙihu, ya durƙusa ya kara kunnensa a jikin jarkar. Ya daɗe. Sannan ya miƙe ya gyara hula.

"Kawu, ni ban ce giya ce ba."

"Alhamdu lillahi."

"Amma ya kama hanya. Abin da aka jiƙa da dabino, in ya fara tafasa babu wuta a ƙarƙashinsa, zubarwa ake yi."

Ba mu gama zubarwa ba sai ga haris, mai gadin gidan, wani dogon ɗan Sudan wanda hancinsa yake riga shi shiga ɗaki. Ya tsaya a ƙofa ya ja iska sau biyu. Ya ce da ni, cikin Larabcin da ya sassauta don kada in ce ban gane ba, shi ya san wannan warin, ba yau aka haife shi ba. In ya ƙara jin sa zai kira mai gida, mai gida ya kira kafil ɗina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, kafil kuma ya kira mutanen da ba sa maimaita tambaya.

Na kwana ina juya abin. Ni da na yi ƙuruciyata kaf a Kano ban taɓa ko leƙa mashaya ba, sai da furfura ta fito mini za a kore ni daga Saudiyya da sunan mai dafa burkutu. Kafin jirgina ya sauka labari ya riga ni isa Bichi. Hanya biyu ce ta rage: in bar kunu, ko in sayi ɗan ƙaramin firji da zai ɗauki jarkar. Ta farkon ban ma tsaya kallonta ba.

Alhamis ta zagayo, ranar da ba mu da aiki ni da Badamasi. Bayan asuba na haɗa kunu sabo, na cika jarka, na nannaɗe ta da jiƙaƙƙen bargo. Badamasi ya miƙo mini tef ɗin awo.

"Auna ta ka rubuta a tafin hannu, mu tafi."

"Ba na aiki da wannan. Mahaifina bai taɓa kai mu kasuwa sayen takalmin salla ba. Kara yake karyawa daidai tsawon ƙafar kowa ya tafi da shi. Abin da za a saka, shi ake gwadawa."

"Kuma takalman suna yi muku daidai?"

"Wani lokacin."

"To ka tafi da ita ba komai a ciki mana."

Na yi masa bayani kamar yadda ake yi wa Bazazzagi, a hankali. Ba zan bar kunu a ɗaki hancin haris ya same shi ba. Kuma kafin azahar na sayi firji. Na uku, wanda ban faɗa da ƙarfi ba: duk shagon da muka shiga, jarka za ta ɗan zauna a firjinsu ta sha sanyi kyauta.

Muka ɗora ta a bayan wanet. Kafin mu fita daga layinmu bargon ya bushe ƙaraf.

Shagon farko irin manyan nan ne masu ƙofar da take buɗe kanta. Mai gadi ya bi mu da ido, mutum biyu sun tallabo abu a bargo kamar za su asibiti. Wani ɗan Filifin mai fara'a ya nuna mana ɗan firji fari, tsayinsa iya ƙuguna. Na zare faifan tsakiya, na tura jarka. Ta shige sumul kamar a ciki aka haife ta. Ƙofa ta rufe ruf.

"Shi ke nan," in ji Badamasi. "Biya mu tafi."

Na kalli takardar farashi. Na tambayi ɗan Filifin kuɗinsa na gaskiya. Ya nuna takardar. Na ce na ga wannan, na gaskiyar nake tambaya. Ya sake nuna takardar. Na ce masa ni baƙo ne, ga iyali, ga tsufa. Ya ce shi ma baƙo ne. Ban damu ba, don ina sane kowane minti na surutu sanyi ne yake shiga kununa. Na ja ciniki har na tambaye shi lafiyar mutanen gida. Da na ga ya fara kallon mai gadi, na buɗe firji na janyo jarka.

Ɗumi na ji, kamar jikin jariri.

Badamasi ya leƙa bayan firjin, ya ɗago igiyar wutar, tana naɗe a ledarta ko kwance ta ba a yi ba.

"Sannu da tattali, Alhaji."

Shago na biyu a nan na yi karatun firji. Ashe lambar da suke mannawa a ƙofa ba ruwanta da jarka. Wani ka gan shi da faɗi, ka buɗe ka tarar da wani tudu a ƙasa ta baya, inda injin yake ɓoye, jarka ta zauna a karkace kamar wanda ya hau jaki da gefe. Wani kuma akwatin ƙanƙara ya cinye samansa. Wani ta shiga lafiya, aljihunan ƙofa suka ce ba su yarda ba. Mai shagon ya gaji da buɗe-buɗe ya tambaye mu ko firji muke nema ko ɗakin haya.

Muka yi azahar. Badamasi ya ce mu koma na farko. Ni kuwa na riga na ga wani firjin a waya, na wani Bamisire malamin makaranta a Al-Badi'a da zai koma gida gaba ɗaya, yana karyar da kayansa. A hoto firjin ya tsaya ƙiƙam kamar gidan sama.

"Al-Badi'a? Maiwada, mu muna gabas, shi yana yamma. Ka san garin nan kuwa?"

"Man kamfani ne."

"To kunna esi, tunda man kamfani ne."

Ban kunna ba. Hali ba ya tambayar mai kaya.

Muka ratsa Riyadh a tsaye-tsaye, rana ta kwantsa a kan kwalta har iska tana rawa. Bamisiren ya karɓe mu hannu biyu, ya rantse sai mun sha shayi, ya ba mu labarin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya zama likita da wanda bai zama komai ba. Daga ƙarshe ya shiga ciki ya fito da firjin. A hannu ɗaya ya riƙo shi. Bai fi akwatin rediyo ba. Ya ce matarsa take ajiye man shafawa a ciki, kuma wallahi sanyinsa kamar na Iskandariyya da hunturu.

Badamasi ya yi ta bi na da kallo har muka shiga mota. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar muka isa haraj, kasuwar gwanjo, inda duk abin da wani ya gaji da shi yake jiran wanda bai san dalili ba. Kujeru, injin wanki, kekunan motsa jiki da ba wanda ya taɓa motsawa a kai. Can cikin layin masu kayan wuta, a rumfar wani Bayamane mai jan gemu, na hango shi. Fari, iya ƙugu, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya da na safe, in ban da ɗan ƙwarzane a gefe da hoton kyanwa da wani yaro ya manna. Bayamanen ya jona shi a wuta, ya kama gurnani a hankali. Ya faɗi kuɗi, wajen rabin na safe.

Na juya na kalli Badamasi. Akwai kallon da Bakano yake jira shekara guda kafin ya samu damar yi wa Bazazzagi.

Na sauko da jarka na yaye bargo. A nan na ga ta canza. Gefunanta da suke a miƙe da safe sun turo, ta yi tumbi gaba da baya kamar ɗan kwangilar da aka biya. Na yi kamar ban gani ba. Na tura. Ta ƙi.

"Wannan ba irin na safe ba ne," na ce. "Ya motse."

"Firji ba ya motsewa, ya Hajji," in ji Bayamanen. "Ba riga ba ce."

"Ma'aunin naka ne ya yi ƙiba," in ji Badamasi. "Karan babanka ma haka yake girma a hanya?"

Da mai hankali ne da ya sassauta murfi ya bar iska ta fita. Amma wari nake tsoro, kuma an taɓa mahaifina. Na juya jarkar, famfo ya kalli ciki don kada ya tokare ƙofa, na ɗora gwiwa, na yi bisimilla, na danna da dukkan abin da shinkafar kabsa ta tara mini a ƙasar nan. Ta yi ƙara, ta shige. Ƙofa ta rufe.

"To," na ce, ina haki. "Yanzu a yi ciniki."

Duk cinikin duniya a kan ƙafa ɗaya yake tsaye: ka iya juya baya ka tafi, mai kaya ya kira ka. Na taya abin da ko ni na ji kunya. Bayamanen ya ce a'a. Na yi dariyar nan ta mai tafiya, na buɗe firji in ɗauki jarkata.

Ta ce ba ta san zancen ba.

Na ja. Badamasi ya riƙe firji na ja. Bayamanen ya riƙe Badamasi. Ko gezau. Sai kuma murfin, da ya manne da rufin firjin, ya fara wani siririn fito. Bayan fiton, wari ya biyo, ba irin na makon jiya ba, wancan ƙaninsa ne.

Bayamanen ya saki Badamasi. Ya tambayi mene ne a ciki.

"Asir," na ce, wato lemo.

"Asir yana waƙa?"

Masu rumfunan kusa suka fara matsowa. Wani Bafakiste mai sayar da fanka ya shinshina ya ce astagfirullah da ƙarfin da bai kamata ba. Na kira Malam Tamimu, don a samu mai ilimi ya wanke ni a gaban jama'a. Na buɗe murya kowa ya ji, na kara wayar a bakin firji.

"Kawu, tun yaushe yake cikin rana?"

"Tun safe. Amma a bargo yake."

Fito kawai ake ji.

"Kawu," in ji Tamimu, da muryar ta'aziyya, "ya sauka lafiya."

Allah ya taimake ni da Hausa ya faɗa. Na kashe waya na ce wa jama'a shehin ya ce babu komai. A daidai lokacin motar sintiri ta shawo kan layin daga can ƙarshe, tana tafe a hankali, irin tafiyar wanda ba abin da yake nema amma ba zai ƙi samu ba. Wataƙila shayi za su saya. Ban tsaya tambaya ba.

Bayamanen ya kalli motar, ya kalle ni, ya sake faɗin kuɗi. Ya ɗara na ɗazu. Ya ce ƙarin na hoton kyanwa ne.

Hannuna ya shiga aljihu ba da izinina ba. Na biya. Ban taya ba, ban ce ina da iyali ba, ban ko yi tsaki ba. Badamasi ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a ku shaida! Wayyo, ga shi ba mai jin Hausa. Wa zai yarda da ni a Zariya?"

Muka rufe ƙofar firji, muka ɗaure shi da igiya, muka cicciɓa bayan wanet da jarkarsa a ciki. Na wuce motar sintiri ina kallon gaba kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Bayan gari muka nufa, wajen da tifofi suke juye ɓaraguzan gini, ba kowa sai karnuka. Muka sauke firji a kan yashi. Murfi ba ya kamuwa, famfo yana ciki yana kallon bango. Na ɗauko wuƙar yankan kwali daga aljihun mota.

Na ɗan tsaya. Jarkar nan ta zauna da ni a ɗakuna uku a garin nan. Ta ga Juma'ar da aka yi wa Shakir, direban tanka, barka da haihuwa, ta ga wadda aka yi masa gaisuwar mahaifiya. Ba a yi wa roba kuka, amma na ji wani abu.

"Yi sauri, Sarkin Fawa," in ji Badamasi. Ya matso gaba da wayarsa, yana ɗaukar bidiyo, cikin farar jallabiyarsa ta fita unguwa.

Ni a gefe na tsaya. Na soka.

Ban san kunu yana iya tashi sama haka ba. Ya fito da ƙarfin famfon kashe gobara, ya kama Badamasi daga gemu har farce. Ya ja baya, kunu ya bi shi. Ya juya, kunu ya gama da bayansa. Karnukan ma sun matsa.

Da abin ya lafa, ya tsaya yana ɗiga, kumfa a girarsa.

"In an tsayar da mu a hanya," ya ce, "ban san ka ba. Fasinja ne ni."

"In an tsayar da mu, Malam, kai za a shinshina."

Jarkar ta saɓe, amma ta riga ta karkace a ciki, sai gunduwa-gunduwa na yanko ta. Muka tsaya a wani gidan mai da ke da masallaci, Badamasi ya shiga banɗaki ya yi wankan da bai yi niyya ba, ya wanke jallabiya, ya yi magariba da ita a jiƙe. Duk hanya yana lissafa mini kakannina da sana'ar kowannensu.

A gida na wanke firjin da omo, na bi da lemon tsami, na turara shi da turaren wuta kamar amarya. Ina gamawa haris ya hawo. Ya zagaya ɗaki hanci a gaba. Ya buɗe firji, ya zura kai ciki, ya daɗe yana shaƙar sanyi. Ya fito yana murmushi.

"Masha Allah, ya Maiwada. Khalas. Mafi mushkila."

Wato magana ta mutu. Ba mai gida, ba kafil, ba jirgi. Kafin isha ya dawo da robar laban ɗinsa, wato nono, da rabin kankana, ya ce in ɗan ajiye masa.

Juma'a aka cika ɗaki kamar kullum. Kujera tana tsakiya ba komai a kanta. Na raba ruwan sanyi. Badamasi ya nuna bidiyo har wayarsa ta mutu, duk da rabinsa sama ce da ihu. Malam Tamimu ya buɗe firjin ya duba, ya ce shi dai bai ga abin zargi a jikinsa ba. An yi dariya har la'asar. Amma da ana sa takalma, Shakir ya dafa kafaɗata.

"Mai Kunu, labari ya yi daɗi. Sai dai ba ya maganin ƙishi. Mako mai zuwa a ga jarka."

Asabar bayan aiki na karɓi tef ɗin Badamasi ba tare da na kalli fuskarsa ba. Na auna cikin firjin, tsawo da faɗi da zurfi, na rubuta a tafin hannu. Na fita neman sabuwar jarka. Waccan daga gida na zo da ita, ƙirar Kano ce, gajeriya mai kafaɗa. Na shiga shagunan roba na Al-Naseem ɗaya bayan ɗaya, na haye wasu unguwannin, kuma karon farko a rayuwata ba kuɗin kaya nake fara tambaya ba.

Mafi gajartar jarka mai famfo da na samu a garin nan ta fi cikin firjina tsawo da yatsa biyu.